Dunƙulen Ciyawar Kili

Shekara goma sha ɗaya ke nan Likita yana duba dabbobi, amma in za a faɗi gaskiya, aikinsa kaji ne da awaki da shanu, sai karnuka jefi-jefi. Doki ɗaya tak yake dubawa, shi ma don na gida ne: farar goɗiyar surukinsa, wadda tsohon yake kira Kili. Da ita Baba, surukin nasa, yake jan keken doki, yana ɗaukar katako daga kasuwa zuwa wuraren gini. Shekararsu tara tare, kuma ba shi da wata sana'a sai wannan.

Wata takwas Kili tana ramewa. Da farko haƙarƙarinta ne ya fara nunawa, daga baya ƙugunta ya fito har kana iya rataye hula a kai. Likita ya ba ta maganin tsutsar ciki, ya sake ba ta, ya canza wani iri ya sake ba ta. Ya yi mata allurar ƙarin ƙarfi. Abinci kuwa ba ta rasa ba, don Baba ya gwammace ya rage nasa da ya rage nata. Tana ganin an zuba ciyawa za ta taho da sauri kamar za ta cinye har da kwandon, sai ta yi ta juya baki, ta yi ta juyawa, ta bar rabi a ƙasa.

Ranar Lahadi, ana gobe zai tafi kwas, Likita ya biya ya duba ta. Ya ɗaga leɓenta ya kalli haƙoran gaba, yadda aka koya masa a makaranta don a gane shekarun doki. Ya sauke leɓen, ya goge hannu a wandonsa. Baba yana tsaye yana riƙe da igiyar.

"Baba, tsufa ne," in ji Likita, idonsa a ƙasa. "Ta haura sha takwas. Duk abin da na sani na yi mata. Kada a bari ta wahala."

Tsohon ya daɗe yana shafa wuyanta. Akwai wani mai babbar mota da yake zagayowa duk ranar Alhamis yana kwashe tsofaffin dawakai da jakuna. Kowa ya san wurin yanka yake kai su, ba dai wanda yake faɗa.

"To, Likita," in ji Baba. "Kai ka yi karatun."

Da zai fita, wani abu ya manne masa a takalmi, ɗan dunƙulen ciyawa jiƙaƙƙe, kamar girman babban yatsa. Ya kankare shi a bakin ƙofa ya wuce. Kullum ya shiga ɗakin Kili sai ya taka irinsu.

Kwas ɗin na kwana uku ne, irin wanda hukuma ta ce dole kowane likitan dabbobi ya yi kafin a sabunta masa lasisi. Ba son dawakai ne ya sa ya zaɓi wannan ba, shi ne kawai aka bar gurbi a ciki. A gonar wata makaranta aka yi, tafiyar awa biyar a mota. Can ya haɗu da Dogo, abokin karatunsa, wanda yanzu ya yi tumbi amma bakinsa na nan yadda yake.

Ranar farko hoton ƙashi aka koya musu. Aka sa musu rigar dalma mai nauyi, aka nuna musu yadda ake ɗora kofato a kan ɗan katako, da inda mai riƙe doki zai tsaya. Sannan aka rufe labule aka yi ta haska hotuna a bango, wannan tsagewa ce, wannan kumburin gaɓa ne.

Dogo ya matso kusa da kunnensa. "Ni a wurina ma'aunin zafi ma sai na roƙe shi yake aiki. Ka tambaye su ko za su ba mu na'urar nan mu tafi da ita a aljihu."

"Rufe mana baki, tsohon banza."

"Ka rubuta dai da kyau, ka je ka ɗauki kajinka hoto."

Rana ta biyu ta haƙori ce. Mai koyarwar wata gajeriyar mace ce mai ƙarfin hannu, ɗan yatsanta ɗaya guntu, ta ce wani ingarma ne ya rage mata shi tun tana sabuwar shiga. Malama kowa yake ce mata. Ba ta kai su aji ba, kai tsaye ta wuce da su ɗakin dawakai, ta tsaya gaban wani jan doki ramamme. Ta sunkuya ta tsinci wani abu a ƙasa, ta ɗora a tafin hannunta, ta zagaya da shi kowa ya gani.

"Wa ya san wannan?"

Likita ya san shi. Shekaranjiyan nan ya kankare ɗan'uwansa daga takalminsa.

Malama ta yi bayani a hankali. Ta ce turamen doki, wato haƙoran can ciki da yake niƙa abinci da su, ba sa daina fitowa muddin yana raye. Muƙamuƙin sama ya fi na ƙasa faɗi, saboda haka akwai gefen da ba ya gogewa, sai ya yi ta yin kaifi har ya zama kamar wuƙa. In dokin ya tauna, sai ya yanki kumatunsa da harshensa. Ga yunwa, ga abinci a gabansa, amma ba halin niƙawa. Sai ya mulmula ciyawar a baki ya yar. Hatsi kuma ya haɗiye shi ɗungum, ya fito a kashi yadda ya shiga.

"Sai ya fara ramewa," in ji ta. "Mai shi ya ce tsutsa ce. Likita ya zo ya ɗaga leɓe, ya kalli na gaba, shi ma ya ce tsutsa ce. In magani ya ƙi, sai a ce tsufa."

Mutane suka yi dariya, irin dariyar wanda aka taɓo. Likita bai yi ba. Kaji ya tuna, kajin Inna, surukarsa, yadda suke bin bayan Kili suna tsattsage kashinta. Har ya taɓa yi wa Inna wasa cewa kajinta sun fi goɗiyar ƙiba.

Aka yi wa jan dokin allura ya yi laushi, aka sa masa ƙarfen buɗe baki, aka ɗaura wa kowa tocila a goshi bi da bi. Da aka zo kan Likita, ya tura hannu har gwiwar hannu. Ciki da ɗumi, da wani wari mai tsami wanda shi ma ya san shi. Ya bi gefen turamen sama da yatsa, sai ya ji safar hannun ta tsage. Da ya haska, ga kumatun duk gyambo, wani ya warke wani sabo.

"Ka ji?" in ji Malama.

"Na ji."

Ta ɗauko magagari mai dogon hannu, ta nuna musu yadda ake riƙe shi a karkace, ana ja ba a dannawa. Ƙarar gogar ta cika ɗakin, farin gari yana zubowa da yawu. Likita ya duba agogo lokacin da ta fara, ya sake dubawa da ta ajiye. Minti ashirin da biyu.

A wurin cin abinci ya kasa kai loma. Dogo ya lura, ya tambaye shi, shi kuma ya faɗa masa komai, har da maganar ranar Lahadi. Wannan karon Dogo bai yi wasa ba.

"Kira surukin naka yanzu."

"Motar sai Alhamis take zuwa. Gobe Laraba da yamma ina gida."

"Ni dai na ce ka kira shi. Me zai ci maka?"

Likita ya ciro wayar, ya nemo lambar Baba, ya tsaya yana kallonta. Me zai ce? Baba, wata takwas ina ɗura mata maganin da ba nata ba? Baba, ciwon yana nan a baki, taƙi ɗaya daga inda nake tsayawa da dubawa? Mutumin da ya ba shi 'yarsa, wanda ko a gaban baƙi ba ya kiran sunansa sai dai Likita. Ya ga gara ya je da kayan aiki a hannu, ya gyara, sannan ya yi bayani goɗiyar tana cin abinci a gabansu. Maganar za ta fi sauƙin fita.

"Ba maganar waya ba ce," in ji shi, ya mayar da ita aljihu.

Dogo ya kalle shi, ya girgiza kai, ya ci gaba da cin abincinsa.

Da safe kafin a shiga aji, Likita ya leƙa wurin jan dokin. Kansa na cikin kwando yana niƙa ciyawa, gurus, gurus, ƙasa kuwa tas, ba dunƙule ko ɗaya. Ya je ya sami Malama ya roƙe ta aron kaya. Ba ta tambaye shi dalili ba. Ta ba shi wani tsohon magagari da ƙarfen buɗe baki, ta naɗe su a buhu, ta ce in ya gama ya aiko mata.

Ranar ƙarshe kan ciwon ciki ne da ɗingishi da tari. Ya zauna, biro a hannu, bai rubuta komai ba. Aka jira babban baƙo ya zo raba takardun shaida, ya makara awa biyu. Aka yi hoto, aka sake yi don wani ya rufe ido. Sai bayan sha biyu ya sami mota.

Ko gidansa bai biya ba. Rana ta yi sanyi ya sauka a bakin layin su Baba, buhu a kafaɗa, takardar shaida a naɗe a hannu. Daga nesa ya hango keken dokin a ƙofar gida, hannuwansa biyu a ƙasa. Bai damu ba, don an kwana biyu Kili ba ta ja shi. Ya yi sallama ya zagaya baya.

An share ɗakin Kili. An kife kwandon ciyawa, an wanke bokitin ruwa an jingine. Linzami yana rataye a ƙusa. Baba na zaune a kan wani guntun katako a bakin ƙofa, hannuwansa a kan gwiwa.

"A'a, Likita, an dawo? Ya hanya?"

"Lafiya lau, Baba. Ina Kili?"

"Ai jiya mai motar nan ya aiko cewa wannan makon Laraba zai biyo. Na ce to, kwana ɗaya me zai ƙara mata. Da sassafe na kai ta bakin titi da kaina." Ya kalli linzamin. "Sai da muka huta sau uku a hanya. Amma da ƙafarta ta hau, ba a ja ta ba."

"Kana da lambarsa? Ina ya nufa?"

"Ba ya kwana da su, Likita. Kai ma ka sani."

Likita ya sauke buhun a hankali, amma duk da haka ƙarafan suka yi ƙara. A can lungu, inda tsintsiya ba ta kai ba, ga dunƙule biyu sun fara bushewa.

"Na gode maka," in ji Baba. "Da wani ne, sai ya yi ta ja na da allurai. Kai ka faɗa mini gaskiya." Ya nuna buhun da haɓa. "Wannan fa? Kayan karatun ne?"

"E."

"Mu gani mana. Me aka koya muku?"

Likita ya kwance bakin buhun, ya zaro magagarin. Tsohon ya karɓa, ya gwada kaifinsa da babban yatsa, irin na wanda ya saba da kayan kafinta.

"Na kofato ne?"

"Na haƙori ne, Baba."

"Haƙorin doki? Me yake samunsa?"

Yana iya cewa ba komai. Ya buɗe baki da niyyar faɗin haka, sai ya ji yana maimaita maganar Malama, tiryan-tiryan, muryarsa ƙasa-ƙasa: yadda turame suke yin kaifi, yadda suke yankan kumatu, yadda doki yake mulmula ciyawa ya yar, yadda hatsi yake fita ɗungum. Bai ambaci sunan Kili ba. Tun yana tsakiyar magana ya ga idon tsohon ya tafi lungun nan, ya tsaya a can.

Kajin Inna suka shigo suna tone-tone, ba su sami komai ba, suka fita.

"In an goge," in ji Baba, "sai ya ci abinci?"

"Sai ya ci."

"Ya mayar da jikinsa?"

"Yawanci."

"Kwana nawa ake yi ana gogewar?"

"Minti ashirin ne, Baba. Da ɗan ɗoriya."

Tsohon ya gyaɗa kai, ya sake gyaɗawa. Ya juya magagarin, ya goge hannun da gefen rigarsa inda ya taɓa, ya miƙo masa da hannu biyu.

"Adana musu kayansu," in ji shi. "Ka shiga ku gaisa da Innarku, tun ɗazu take tambaya ko ka iso."

Ya dafa gwiwa ya tashi, ya shiga ɗakin ya ɗauki tsintsiya, ya nufi lungun. Likita yana nan tsaye da ƙarfen a hannu, yana jin ƙarar sharar.