Ƙwan da Liatu Ba Ta Ci Ba

Rabi'atu na ɗiga wa maƙwabciyarta Liatu kunu a baki sa'ad da muryar Bitrus, mijin Liatun, ta shigo ta taga. Yana tsakar gida ya harɗe a kujera, 'yan cocinsu na nan Tsiga da suka zo dubiya sun kewaye shi, yana ta zuba kamar shi ne likitan.

"Ai abin yaron nan ba iska ba ce, bitamin ne. Har Malumfashi na kai shi. Uwar ce ba ta ci abin kirki ba da tana da cikinsa. Kun san mata da tsirfa."

Rabi'atu ta ja tsaki. Shekara goma sha biyu katanga ɗaya ta raba su, ta san abin da ake ci a gidan nan. A shekarar fari ta saba'in da uku Liatu ta yi cikin yaron, Habila. Kaji sun fi ashirin a gidan, amma duk ƙwan da suka saka Bitrus ke jerawa a kwando, ya ɗaura bayan keke, sai kasuwar Funtua. Ita kuwa tuwon dawa da miyar kuka ba mai, safe da yamma, ga tsinkar auduga cikin rana.

Kuma da ita Rabi'atun aka je wurin Sista Gertrude, malamar jinya, lokacin da Habila ya cika shekara biyar bai taɓa cewa uffan ba, ba ya kallon idon kowa, sai ya wuni yana juya murfin kwano. Da kunnenta ta ji. Sista cewa ta yi ba wanda ya san dalili takamaimai, mai yiwuwa rashin bitamin a jikin mai ciki yana da hannu, amma zato ne kawai. Bitrus ya yar da zaton a hanya, ya dawo da kalma ɗaya yana nuna wa mutane kamar sabon agogo.

Liatu ta kau da kai daga ludayin. Ciwon ya gama cinye ta, sai idanu.

"Yaya, ni na jawo masa ko?"

"Ke kika riƙa kai ƙwai Funtua?"

"Da na ɗauka na ci a ɓoye..."

"Bar wannan maganar. Ba ke ba ce, ina wurin aka faɗa."

Liatu ta daɗe tana numfashi da ƙyar.

"Habila ba ya son a taɓa masa kai. Uban har yau bai sani ba."

"Ni na sani."

Kafin la'asar Liatu ta cika. Rabi'atu ta shafe mata idanu, ta ja zane ta rufe ta, ta fito ta faɗa.

Bitrus ya zube ƙasa yana birgima, amma sai da ya waiga ya tabbatar Fasto na kallo. Da aka ɗaga shi ya karkaɗe wando, ya ce a kama kaji uku a yanka wa masu zaman makoki, kada a ce gidansa an wuni da yunwa.

"Har uku, Malam Bitrus?" in ji Rabi'atu, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Ita ko ƙafa ɗaya ba ta gani ba."

Ya yi kamar bai ji ba. Matan coci suka sunkuyar da kai.

Washegari da hantsi, bayan an dawo daga maƙabarta, Rabi'atu na wanke-wanke ta ji an kama wuyan hannunta. Habila ne, idonsa na kan bango. Ya ja ta, ta bi shi da kumfa a hannu, suka ratsa ta tsakiyar mutane har ƙofar ɗakin uwarsa da aka rufe. Ya ɗora tafin hannunta a kan ƙyauren, ya saki, ya tsaya yana jira.