Motar da Ta Saba da Giwa

A garejin ba mai kiransa da sunan yanka. Giwa ake ce masa, kuma ba a zalunce shi ba: in ya zauna a benci, na ɗaya gefen sai ya riƙe kofin shayinsa da kyau. Jar motar tseren da ke ƙarshen rumfa shi ya haɗa ta da hannunsa. Ciwon gwiwa ya raba shi da tsere, amma duk safiyar da filin ba kowa, yakan je ya zaga da ita shi kaɗai. Abin da ya rage masa ke nan, kuma yana ji da shi.

Yanzu autarsa ke tsere da motar. 'Yar firit ce, sai dai akwai zuciya. Abu ɗaya ya tsaya mata a wuya, doguwar kwanar da ke bayan tankin ruwa. Da ta shiga sai bayan motar ya yi tsalle ya zame, ta ɗaga ƙafa daga totur, kowa ya wuce ta.

Ran nan ta dire hular kwano a kan durom ta ce, "Baba, na haƙura. Daga tseren Asabar na daina. Da motar nan kake shanye kwanar nan kamar ruwa. Ni ce ban iya ba."

Maganar ta soke shi. Ya tura motar kan sikeli, kowace taya da farantinta. Ya cusa kansa ciki da ƙyar, Auta ta karanta masa: tayoyi huɗu sun zauna daram. Ta shiga, shi ya duba. Gefen direba ko ɗan lotsawa bai yi ba.

Ashe! Sifirin da ke riƙe da jikin motar a kan tayoyi masu tauri ne, shi ya zaɓe su tun tuni don su ɗauki uban jikinsa. In Auta ce a ciki, motar ba ta ma san an shigo ba, shi ya sa tayar ke tashi daga kwalta.

Washegari ya tafi shagon amininsa mai kayan mota. Mutumin ya jibge masa wasu sifirin rawaya a kan kanta. "Ga na kwana nan. Tauri kamar dutse."

"Wa kake koya wa? Ba ni masu laushi. Da siririyar sandar baya, mai hana karkata."

"Masu laushi? Kai Giwa, ka hau waɗannan ai sai ka share titi da cikin mota."

"Wa ya ce maka ni zan hau?"

Aminin ya dube shi, dariyar ta koma ciki. Ya san zagayen da Giwa ke yi da motar da safe, ya kuma gane ya haƙura da shi ke nan. Ya miƙo kayan kawai.

Giwa ya shiga ramin ƙarƙashin motar da sifana. Ya kwance tsoffin sifirin, ya ɗaura sababbi, ya sassauta shokozoba, yana sa Auta ta shiga ta fita har sikelin ya yarda da ita. Tsoffin kuwa ya goge su tas, ya rataye a ƙusa. Ransa ya sosu, ba ƙarya, amma bai fasa ba.

Ranar Asabar ya kafe a shinge kusa da tanki. Bai ma kalli motar sosai ba, kunne ya kasa. Ta shigo kwanar, ƙarar injin ba ta sauka ba. Motar ta ɗan kwanta, ta manne, ta fice. Ta uku Auta ta zo, amma wa ya isa ya gaya wa Giwa ba ita ta ci ba? Ya damƙo kafaɗar wani baƙo yana jijjiga shi. "'Yata ce, malam. Autata ce."

Da suka koma gareji ta miƙo masa makulli. "Baba, zo ka ɗana ka ji."

Ya shiga. Motar ta yi nishi, ta durƙusa gefe guda har ƙarfe ya taɓa siminti. Makanikai suka tuntsire da dariya, shi ya fi kowa. Ya fito da ƙyar, yana share ido da bayan hannu.

"Ba ta san ni ba kuma," in ji shi, cike da alfahari. Ya danƙa makullin a tafin hannun Auta, ya rufe mata yatsu a kai.