Katafila a Layin Surukai

Ranar da Oga ya miƙa wa Gajere makullin doguwar tirela, ƙafar Gajere ba ta taɓa ƙasa ba don murna. Shekara da shekaru yana ɗaure sarƙa yana wanke taya, yau ga shi shi kaɗai zai kai katafila wajen aikin hanya.

"Ka miƙe titi ɗoɗar," in ji Oga. "Ka ratse ko nan da can, ka dawo min da makullina."

Gajere ya ce to. Amma wa ya ga banza! Layin surukansa yana bakin hanya, kuma Baba, mahaifin matarsa, bai taɓa ganinsa a kan sitiyari ba. Ya karya kan mota ya shiga, ya danna hon har tagogi suka amsa. Mata suka leƙo, tela ya bar kekensa. Baba ya fito da tabarau a hannu, ya ɗaga kai ya dubi katafilar da ke zaune a baya.

"Kai ne da wannan?"

"Ni ne, Baba," in ji Gajere, yana wani gyara madubin da ba abin da ya same shi.

Daɗin bai daɗe ba. Ashe an toshe ƙarshen layin da sabon gini, sai dai a fita da baya. Shi kuwa gwanin namu ribas ɗinsa duk a filin gareji ya koya, da tirela babu kaya. Ya murza dama, gindin mota ya yi hagu. Ya murza hagu, ta lanƙwashe. Nan take kowa a layin ya zama direba: wannan ya ce yanke, wancan ya ce saki. Gumi ya jiƙe masa riga sharkaf, tsoro ya kama shi sosai. Sai ji aka yi rugum! Katangar Baba ta kwanta, ga surukarsa a tsakar gida riƙe da bokitin wanki.

Ya kira Oga a waya. Oga ya iso a babur, ya hau ya zare motar zuwa titi kamar mai zare zare daga allura. Ya sauko ya jefa makullin a aljihu. Gajere ya durƙusa, kunya kamar ƙasa ta tsage.

Baba ya tako ta kan tubalan katangarsa, ya tsaya gaban Oga.

"Malam, yaron nan ɗana ne. Ni ya zo nuna wa, na kuwa gani. Ka mayar masa da makullin, don Allah. In ka kore shi, wa zai gina min katangar?"

Oga ya dubi tsohon. Ya ciro makullin ya cilla wa Gajere, shi kuwa hawaye ya hana shi gani, makullin ya faɗa kwata.