Baƙin Akwati a Ƙarƙashin Motata

Juyen mai kawai na kai motar. Ina zaune a bencin gareji da Tsigi a cinyata, ƴata mai shekara biyu da rabi, ina ɓare mata lemo, sai bakaniken ya leƙo daga cikin rami ya yafito ni da sifana.

"Maman Tsigi, zo ki ga fasinjan da kike yawo da shi ba kuɗin mota."

Na tsuguna. Can bayan tayar baya wani ɗan baƙin akwati ne manne da ƙarfe, bai kai sabulun wanka girma ba.

"Maganaɗisu ne ya riƙe shi," ya ce, ya rage murya. "Duk inda motar nan ta tsaya, da minti nawa ta yi, akwai mai gani daga ofishinsa. Sau biyu ina cin karo da irinsa, duk na ƴan sanda ne. Dubi shatin ƙurar nan a gefensa. An taɓa cire shi an canja batir an mayar."

"Cire mini shi."

"Ni? Ƴaƴana biyar, baiwar Allah. Ke ma kina cirewa kin gaya musu kin sani. Ban gani ba, ba ki gani ba."

Na san dalili. Wata biyu kenan ana neman Yayana. Yana cikin waɗanda suka jagoranci yajin aiki a masana'antar robobi, sai sito ya kama da wuta, aka ce su ne. Ya rantse mini da kabarin mahaifinmu bai je wurin ba, kuma na yarda. Tun lokacin yana ɓoye a wani ɗaki a saman shagon kafinta, ba waya, ba fita. Ga shi da asma, ga garin katako yana tasowa ta ramukan dabe. Abin shaƙa ɗaya ba ya yi masa kwana goma.

Duk Talata nakan kai Tsigi asibiti a gasa mata ƙafar hagu, wadda ta zo da ita a karkace. Daga can sai in wuce babban kanti, in ajiye mota a filinsu, in goya ta, in bi lungu minti goma sha biyar da abinci da magani. Ba wayo ya sa nake ajiye motar nesa ba, lungun ne ba ya shigar mota. Wannan kaɗai ya hana su sanin ƙofar.

Da yamma na gaya wa maigidana a kicin, na saki famfo yana zuba don kada a ji mu.

"Shi ke nan, an gama zuwa," ya ce.

"Maganinsa zai ƙare."

"Idan aka kama ki a ƙofarsa, wa zai kai yarinyar nan gashi? Ni da nake fita tun safe? Ko Mamanku da ba ta iya hawa benen asibitin?" Ya kashe famfon, ya sake kunnawa. "Yayanki ne, ban musa ba. Amma ba shi kika haifa ba."

Talatar farko ban je wurin Yaya ba. Daga asibiti na miƙe gida, ina tuƙi kamar mai gwajin lasisi. Na ɗauka haka ne daidai, in nuna musu ba ni da wurin zuwa. Ban yi tunanin cewa motar da ta yi sati takwas tana tsayawa a kanti ɗaya, in ta daina rana ɗaya, ita ma magana ta yi ba.

Talata ta biyu na kasa haƙuri. Na lissafa, maganinsa ya ƙare tun Asabar. Na sa abin shaƙa biyu a cikin jakar Tsigi, ƙarƙashin wandunanta. Dabarata ita ce in bar motar a filin asibiti, in fita ta ƙofar baya wajen ɗakin wanki, in hau bas, in dawo kafin awa biyu.

Ina tsaye a tashar bas da Tsigi a baya, tana gyangyaɗi don gashin yana gajiyar da ita, sai wata mata ta taɓa kafaɗata. Na gan ta ɗazu a ɗakin jira, tana riƙe da kati kamar kowa.

"Ƴar'uwa, takalmin ƴarki ya faɗi."

Takalmin gyaran ƙafar ne, mai ƙarfe a gefe. Ta durƙusa ta sa mata da kanta, ta ɗaure igiyar da kyau, har da ja mata ɗan yatsa.

"Kyakkyawa da ita, tubarkalla. Motar ta lalace ne? Na ga kamar tana can gaba."

"Lafiyarta lau."

"To ai sai ki koma cikinta, ranar nan ta yi wa yarinya zafi." Ta miƙe tana karkaɗe gwiwa. "Irin waɗannan yaran ba sa son a tsallake musu sati ko ɗaya. Uwa ce kaɗai ke iya jure zaryar nan."

Bas ya zo ya tsaya. Kwandasta ya buga ƙofa yana cewa, "Mai goyo, za ki ko kallo kike?" Matar ba ta hau ba, ba ta tafi ba, tana dai duba wayarta. Ina jin numfashin Tsigi a wuyana. Bas ya tashi, na juya na koma ta ɗakin wanki.

Ranar Juma'a da hantsi Yaya ya sauko da kansa, yana dafa bango, ya nufi kantin magani na bakin titi. A nan suka ɗauke shi. Tun da motata ta nuna musu unguwar suka zuba mutane a kowane kantin magani. Kafintan ne ya zo ya gaya wa Mama, ita kuma ta kira ni, ta ce, "An kama ɗan'uwanki," ta kashe waya.

Sai bayan sati uku aka ba ni izinin ganinsa. Gilashi a tsakaninmu, kowa da kan tarho a kunne, gandiroba a tsaye a bayansa. Ya rame, leɓensa ya yi duhu.

"Ya ƙafar mutuniyata?"

"Tana miƙewa. Ta fara hawa bene da kanta."

"Madalla." Ya yi tari, ya jira ya wuce. "Auta, Talata biyu na zauna a bakin taga. Na ɗauka wani abu ne ya same ku."

Na buɗe baki, sai na tuna tarhon nan ma akwai mai saurare. In na ce na ga akwatin, sun sami bakanike. In na ce na taho da magani, na shaida da bakina na san inda yake, kuma ranar Talata wani ne zai goya Tsigi.

"Ba abin da ya same mu, Yaya. Hidima ce ta yi yawa."

Ya daɗe yana kallona.

"Hidima," ya ce. "To. Allah ya raya ta."

Ya ajiye kan tarhon kafin lokaci ya cika, ya yi wa gandiroban alama ya gama.