Ƙofar Alhaji Zubairu

Ƙofar ba ta san talaka da mai kuɗi ba. Duk wanda ya tunkaro ta sai gilasan nan biyu su dare, ko akuya ce. Tun da Alhaji Zubairu ya buɗe sabon kantin shaddarsa a Kaura Namoda mutane ke zuwa kallonta, wasu su shiga su fita sau uku ba su sayi ko yadi ɗaya ba. Sai dai duk da ƙofar birgewa, kaya ɓacewa suke yi. Masu gadi biyu ya kora cikin shekara guda, sannan ya sa aka nemo masa mai haɗa na'urar tsaro.

Labbo aka kawo. Yana kan tsani yana auna bakin gilas, Alhaji na ƙasa yana zuba bayani: ɓarayin dare ne, da haɗin bakin masu gadi, a saita jiniya daga isha'i zuwa asuba. Labbo ya ce to. Alhaji bai gane shi ba, kuma dama irinsu ba sa duban fuskar mai aiki.

Shi kuwa Labbo ko a mafarki ya san wannan murya. Shekara goma sha ɗaya ke nan, a tsohon shagon Alhaji na Shinkafi, da ita aka kira mahaifinsa Muttaka ɓarawo. Muttaka ne mai gadi, makulli ɗaya na hannunsa, ɗayan na hannun Yazid, ƙanen Alhaji. Duk Juma'a in an rufe an tafi masallaci, sai turmin shadda ya yi ƙafa. Muttaka ya taɓa ganin Yazid da idonsa, amma ya ce ba zai tona asirin gidan da yake cin abinci ba. Ladan da ya samu, aka ɗora masa shadda a ka aka zaga kasuwa da shi ana ihu. Ya koma ƙauyensu Katuru, bai sake taka Shinkafi ba har aka binne shi. Labbo bai yafe ba, bai ma taɓa gwada yafewa ba.

Aikin na son natsuwa. Maganaɗisu ake mannawa a saman gilas, abokinsa a jikin firam ɗin da ke riƙe da ƙofar, tsakaninsu kada ya wuce kaurin ɗan yatsa. Da ƙofa ta zame suka rabu, na'ura ta ji. Labbo bai taɓa yin aiki mai tsafta kamar wannan ba. Ya binne wayoyi cikin alminiyam, ya gwada sau goma. Sannan ya ƙara abu biyu da ba a sa shi ba. Ya saita na'urar ta kunna kanta duk Juma'a daga ƙarfe ɗaya zuwa uku, ta bar mai shiga ya yi nisa ciki kafin jiniya ta tashi. Ya kuma haɗa ta da makullin lantarki, yadda in jiniya ta tashi ƙofa za ta rufe, idon lantarkin da ke ganin mutum ya buɗe ta daga ciki ya makance.

Yana sauka sai ga Yazid, ya yi tumbi, makullai na kaɗawa a yatsansa. Ya tambaya cikin wasa ko abin nan da rana ma yana kuka. Alhaji ya riga Labbo amsawa, ya ce na dare ne kawai. Labbo ya ci gaba da naɗe wayarsa.

Ranar Juma'a Labbo ya yi salla a sahun waje, inda yake hango kantin. Zuciyarsa ba ta kan huɗuba, ya san haka, ya kuma ce Allah ya yafe masa wannan. Liman na sallamewa jiniya ta ɓarke. Jama'a suka kwasa da dardumominsu a kafaɗa.

Yazid na ciki, turmi biyu a hammata. Ya jefar da su, ya matso gaban ƙofa, ta ƙi. Ya ja baya ya sake matsowa, yana ɗaga hannu sama kamar mai korar kaji, gilas ko motsi. Ga motarsa a bakin kanti, but ɗin baya a buɗe. Mutum ya fi ɗari suna kallonsa, ba wanda ya yi ihu, wasu har da ɗaga waya. Daɗi ya kama Labbo har cikin ƙashi, bai ji kunyar jin daɗin ba.

Alhaji ya ratso mutane yana haki. Ya dubi ƙanensa, ya dubi shaddar da ke ƙasa, sannan ya nemo Labbo da ido ya ɗaga murya don kowa ya ji.

"Injiniya, abin naka ya lalace, ko? Ni na aiko yaron ga ya ɗauko kaya."

"Lafiya lau yake, ranka shi daɗe. Wanda ya shiga shi ya kama." Labbo ya danna lambobi, jiniya ta yi shiru, amma bai buɗe ƙofar ba tukuna. "A Shinkafi ma kai ka aike shi? Ni ɗan Muttaka ne."

Shekara goma sha ɗaya yana gyara wannan magana a ransa, yana hango yadda fuskar Alhaji za ta zube. Alhaji ya yamutsa goshi, ya yi tunani da gaske, ba na ƙarya ba.

"Wane Muttaka?"

Labbo ya tsaya da yatsa a kan maɓallin buɗe ƙofa. Daga bayan gilas Yazid ya sunkuyar da kai. Shi ya tuna.