Ranar da Bayan Alhassan Yat Taɓa Ƙasa

Shekara goma sha ɗaya ƙanena Alhassan shina kokawa, daga Isa har Sabon Birni har tsallaken iyaka ƙasar Faransa, ba a taɓa kai bayanai ƙasa ba. Ba mu da shanu, ba mu da sarauta, wannan bayan shi ne tutiyar gidanmu. Ko barci bisa haƙarƙari yake yi, wai kada bayan ya saba.

Zamanin Turawa ne, shekarar da anka ɗebi yara elementare, anka haɗa da ɗanai Lawwali, ɗan shekara shida. Wata safiya za ni kasuwa da ƙwaryar hura, sai nig ga abin da yat tsaida ni cak. Malam Attahiru, wani siririn malami da anka turo daga Sakkwato, ya jera yara bisa rairayi.

"Ku tsuguna! Hannu ƙasa, haɓa ga ƙirji, ku mirgina gaba!"

Yara sai alkafura suke suna dariya. Innalillahi! Ɗiyan mutane suna birgima awa jakkai, wai karatu ne! Lawwali kaɗai yaƙ ƙame tsaye, idanu cike da hawaye. Ban ko kai hurar ba, nis sheƙa gida nik kai tsegumi.

Alhassan yaj je da kainai. "Ɗana ba ya koyon faɗuwa, Malam."

"Kowa na faɗuwa, Sarkin Kokawa," in ji malamin. "Tashi lafiya nike koya musu."

Ni Bilki, har tsaki niy yi mishi a gaban yara.

Da kaka muna dawowa daga Tozai, jaki yay yi tuntuɓe da Lawwali. Ɗan jaki fa, bai kai ƙuguna ba. Wani yaro da mirginawa za ya yi ya tashi ya kaɗe riga. Shi ko sai yam miƙe hannu a sanƙare don kada bayanai ya sauka. Ƙas! Har yau ina jin ƙarar. Munka rugo, hannu ya lanƙwashe inda hannu ba ya lanƙwasa, amma yaron nan bai yi maganar hannu ba.

"Baba, bai taɓa ba," yac ce. "Duba, bayana bai taɓa ba."

Alhassan yas saɓa shi sai gidan maɗori.

Kwana arba'in ƙashi yak kama. Ranar kasuwa sai ga Alhassan ya yi shirin fage, warki da layu, ya nufi makaranta. Makaɗinai yab bi shi da ganga, 'yan kasuwa sunka watsar da ciniki. Kowa ya ce yau malami ya shiga uku, kuma wallahi ni ma da murnata nit tafi.

Malam Attahiru ya daskare, usur a baki. Alhassan yaw wuce shi, yash shiga layin yara, yat tsuguna kusa da Lawwali.

"Malam, hannu ƙasa. Sai mi?"

"Ha... haɓa ga ƙirji."

Ƙaton nan yad dunƙule, yam mirgina. Tim! Bayan da maza sunka kasa kaiwa ƙasa, ga shi shimfiɗe bisa rairayi, gaban duk Isa. Makaɗi yas saki gular kiɗi. Wata tsohuwa tar riƙa salati. Ni ko niz zauna daɓas.

Daga kwance yad dubi ɗanai. "Ka gani? Ban mutu ba. Zo."

Lawwali yat tsuguna, yam mirgina a karkace. Yat tashi shina shafa hannun, sai dariya.

Nim matso ina kuka, nis sa gefen zane za ni kaɗe mishi rairayin bayan tun mutane ba su ƙara gani ba. Yar riƙe hannuna.

"Bar shi, Yaya. Ta cikin kasuwa za ni bi."