Idon Hagun Nong Tibo

Ranar Lahadi, da aka taso daga coci, Nang Saling ta kawo mana mijinta filin harbi a babur mai ƙafa uku. Yana zaune ya harɗe hannuwa, fuska a murtuke kamar wanda za a cire wa haƙori.

"Ga shi nan, ku karɓi kayanku," in ji ta. "Tun da ya daina zuwa nan ya koma koya mini dafa shinkafa. Ni da na aurar da 'ya'ya huɗu!"

Mijin nata, Nong Tibo, tsohon direban motar haya ne; a wurinmu Nong ake ce wa dattijo, Nang kuma dattijuwa. A ƙungiyarmu ta masu harbin takarda da ƙaramar bindiga, mai harsashi lamba ashirin da biyu, babu wanda ya taɓa kama ƙafarsa. Sai hawan jini ya taɓa masa idon dama, tsakiyar ganinsa ya dushe. Bindigarsa kuwa an sassaƙa gindinta ne don kuncin dama kaɗai, ba ta karɓar hagu. Ya sayar da ita, ya shige gida, muka fi shekara ba mu sa shi a ido ba.

Ya sauko, ya dubi teburan siminti da tudun ƙasar da ke can gaban gonar rake, sannan ya sunkuya ya tsinci marfin kwalbar lemo. A wurinmu da shi ake yi wa bindiga hukunci: harsashi biyar daga mita hamsin, in marfi ya rufe ramukan duka, to ta cancanci a saya.

"Ku saurara da kyau," ya ce. "Zan gwada da idon hagu don matar nan ta bar ni in sha iska. In marfin nan ya rufe biyar, in sayi bindiga in dawo. In bai rufe ba, kada wanda ya ƙara taka gidana da zancen harbi. Ba zan riƙa zuwa ana tausaya mini ba."

Mun dai san shi da magana ɗaya.

Bindiga biyu aka kawo masa, duka tsofaffin hannu, daidai aljihun mai cin fansho. Ta farko ta Baldo mai aski ce, irin mai ɗura kanta, kana jan kunama tana tofar da kwanso tana ɗaukar wani.

"Nong, wannan ita ce ta dattijai," in ji Baldo. "Babu wahala, yatsa kawai take so."

"Haka ka ce game da askin da ka yi mini bara waccan," in ji Nong Tibo. "Sai da na yi wata ina yawo da hula."

Ya zauna, ya toshe kunnuwa, ya ɗora ta a kan buhun yashi, ya kai gindinta kafaɗar hagu yana ƙunƙuni. Babu wanda ya tuna a cikinmu cewa kwanson ta dama yake fita, wato ta gaban hancin mai harbi da hagu. Na farko ya shafi girarsa. Na biyu, da zafinsa, ya faɗa wuyan rigarsa ya gangara ciki.

Mu dai mun shaida, sai da ya cire harsasan ya kwantar da bindigar bakinta na kallon tudu, kamar yadda doka ta ce. Daga nan ya miƙe ya kama tsalle yana kaɗa riga.

"Tabɗi!" in ji Nang Saling tana tafi. "Ranar aurenmu ma bai yi mini wannan rawar ba!"

Muka yi dariya har wasu suka dafa tebur. Shi ma sai da haƙoransa suka bayyana. Ya miƙa wa Baldo bindigarsa ya ce ya kai ta shago ta riƙa gasa masa kwastomomi.

Ta biyu ta Nong Gorio ce, abokin hamayyarsa tun suna samari, kuma shi ya riƙe masa ɗan fari ranar baftisma, shi ya sa suke kiran juna Pare. Mai sakata ce, harsashi ɗaya-ɗaya, gindinta sumul ta kowane gefe. Ta daɗe a kabad tun da Gorio ya sayi sabuwa.

"Pare, ba ta da kyan gani, amma ba ta ƙarya," in ji Gorio.

"To ta fi mai ita da abu ɗaya ke nan."

Da ya zauna da ita sai muka ga kafaɗunsa sun sauka. Hannun hagu na kan kunama, na dama kuwa ba shi da aikin komai, sai ya riƙa ja da sakatar da shi ba tare da ya ɗaga kunci ba. Ya ce, "Kai, ashe haka 'yan hagu suke cin banza!" Ya ja numfashi, ya saki rabi, ya harba. Haka har biyar.

Aka ɗaga jar tuta, Baldo ya je ya ciro takardar. Tun daga yadda yake tafiya muka gane. Ramukan sun watse, ɗaya sama, ɗaya can gefe. Ko bakin kofin shayi ba zai rufe su ba.

Nong Tibo ya daɗe yana kallon takardar. Bai ma ɗora marfin ba. Ya ajiye shi a kan tebur, ya ɗauki hularsa.

"To, kun gani da idonku, ku masu ido," ya ce a hankali. "Saling, mu je."

Wannan karon ba ta yi gardama ba. Ta ɗauki jakarta.

Sun kusa kaiwa babur sai Gorio ya daka wa goshinsa mari har muka ji ƙarar.

"Pare! Tsaya! Ba idonka ba ne. Ni ne."

"Kada ka fara lallashina, Gorio."

"Na wanke ta."

Kowa ya juyo.

"Ka yi me?" in ji Baldo.

"Na wanke bututun jiya da yamma. Da buroshi, da mai, har sai da tsumma ya fito fari tas. Damina biyu tana kabad, na ji kunyar in miƙa wa Pare ita da datti. Na ce in na zo zan fara ɓarar da 'yan harsasai, sai rawar nan ta mantar da ni."

Ihu ya tashi. Ko wanda ya shiga ƙungiya jiya ya san ƙaramin harsashin nan da maiƙo a jikinsa yake zuwa, kuma sai maiƙon ya shafe cikin bututu kafin bindiga ta natsu. Wankakken bututu watsa harsashi yake yi kamar mai ba kaji tsaba. Gorio da kansa yake koya wa sababbi haka.

"Shekara talatin kana harbi!" in ji Nong Tibo, yana dawowa da sauri, yatsa a miƙe. "Ka wanke ta? Me ya hana ka shafa mata hoda ka fesa mata turare?"

"Na yi tunanin turaren," in ji Gorio, kai a ƙasa.

Nong Tibo ya ce shi kam ba zai ɓata idonsa guda a kan gyara wautar wani ba. Nang Saling ta ajiye jaka ta ce ita za ta ɓarar. Aka zaunar da ita, mijin ya tsaya a kanta yana nuna mata inda za ta sa kunci. Ta harba na farko ta ce, "Wayyo!" Ta harba na biyu ta ce, "A'a, ashe daɗi gare shi." Sai da ta cinye rabin kwali kafin aka samu aka ɗaga ta, tana cewa ba ta gama ba.

Aka liƙa sabuwar takarda. Nong Tibo ya zauna. Har mai sayar da soyayyar ayaba ta bar kaskonta ta matso. Iska ta ɗan kaɗa ganyen rake, ya jira ta kwanta. Ya harba, ya ja sakata, ya sake jira. Bai taɓa ɗaukar lokaci haka a kan harsashi biyar ba.

Baldo ya dawo da gudu, takarda a sama. Ramukan sun cunkushe wuri ɗaya, huɗu sun ci gefen juna. Nong Tibo ya shimfiɗa ta, ya ɗora marfi. Huɗun suka ɓace. Na biyar ya leƙo ta gefe, ɗan siriri kamar bakin farce.

Ya matsar da marfin, wani ya leƙo ta ɗaya gefen.

"Ya rufe, Nong," in ji Baldo. "Ni dai ban ga komai ba."

"Kai ma ka je a duba maka ido. Bai rufe ba."

Nang Saling ta riƙe jakarta a ƙirji. Nong Tibo ya ɗauki kwalin harsashin, ya kawo shi kusa da idon hagu, ya juya shi, ya yamutsa fuska.

"Wa ya sayo wannan?"

"Ni," in ji Gorio.

"Na sani. Bindigar nan ba ta son shi. Dubi na biyar ɗin, ai ƙararsa ma daban ta fita, ba ku ji ba? Harsashin mutum mai rowa." Ya jefa masa kwalin. "Lahadi zan zo da iri biyu mu ga wanda take ci. Gobe kuma ka shirya mu je a mayar da takardunta sunana. Kafin nan, Pare, in ka ƙara kusantar ta da tsumma, sai na karya maka hannu."

Gorio ya rungume shi har hular ta faɗi. Nang Saling kuwa ta riga ta koma kan tebur, tana tambayar Baldo ko akwai sauran harsashi.